Awon Matsin Iska a Injin Dizal: Ku Auna Kafin Ku Kwance

A ƙauyuka da yawa injin dizal ɗaya ne yake ɗauke da aikin jama'a. Shi ke niƙa masara da dawa, shi ke ɗago ruwa daga rijiyar burtsatse, shi ke ba ƙaramin asibiti wuta da dare. Sau da yawa kuɗin sayensa ma karo-karo aka yi: zumuntar mata ce ta tara, ko ƙungiyar manoma, ko ikilisiya gaba ɗaya. Ran da ya ƙi tashi, mata su koma turmi, yara su koma rafi.

Abin da yakan biyo baya kun san shi. A kira makaniki, ya saurari inji, ya ce, "Inji ya gaji, sai an kwance." A sayi ringi da gasket, a biya kuɗin aiki, a ɗaura, inji ya ci gaba da halinsa, domin tun farko ciwon a nozul yake. Wani lokaci kuma a kai famfon mai birni har sau biyu, alhali bawul ne ya ƙone. Kuɗin jama'a ya tafi, zargi ya shiga tsakanin 'yan kwamiti.

Akwai gwajin da yake raba gardama kafin a kashe kuɗi. Shi ne awon matsin iska a cikin silinda. A ƙaramin inji bai cika wuce awa ɗaya ko biyu ba. Mai kula da inji da 'yan kwamiti, ko da ba su ne za su riƙe sufana ba, ya kamata su san yadda ake yinsa da abin da lambobin suke nufi.

Me ya sa matsin iska yake da muhimmanci?

Injin fetur yana da fulogi mai ba da tartsatsi. Injin dizal ba shi da wannan. Zafin iska ne kaɗai yake kunna mai. Ku tuna famfon keke: idan kun toshe bakinsa da yatsa kuka danna da ƙarfi sau da yawa, gindinsa yakan yi zafi. Iskar da aka matse takan yi zafi. A kan wannan ne Rudolf Diesel, injiniya Bajamushe, ya gina injinsa, wanda ya yi aiki sosai a shekarar 1897 a garin Augsburg na Jamus.

Ga yadda abin yake. Fistin ya sauka, ya shaƙo iska zalla. Bawul biyu su rufe. Fistin ya hau ya matse iskar nan cikin ɗan wuri ƙarami, kashi ɗaya cikin 15 zuwa 23 na wurin da take a da, gwargwadon irin injin. Zafinta yakan haura digiri 500. A daidai lokacin nozul ya fesa mai kamar hazo, mai ya kama da kansa, ya tura fistin ƙasa. Sai fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi.

Idan iska ta sami ƙofar gudu, matsi ya ragu, zafi ma ya ragu, mai ya ƙi kamawa. Ƙofofin gudun ba su da yawa:

• Ringi da jikin silinda, idan sun cinye, ko ringi ya karye, ko ya maƙale a raminsa.
• Bawul, idan ya ƙone ko ba ya zama daidai a mazauninsa.
• Gasket da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, idan ya fashe.
• Tsagewa a kan inji ko rami a fistin.

Wannan ne dalilin da ya sa tsohon inji ya fi ba da wahala da safiyar hunturu. Ƙarfe mai sanyi yana shanye ɗan zafin da ya rage.

Alamun da za su sa ku nemi awo

• Inji yana wuyar tashi da safe, amma idan ya yi zafi sai ya tashi da sauƙi.
• Farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai lokacin tayarwa.
• Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ga shan baƙin mai fiye da da.
• Hayaƙi yana busowa da ƙarfi idan aka buɗe murfin baƙin mai.
• Ƙarfi ya ragu: inji yana shaƙewa da zarar an zuba hatsi, ko tarakta ta kasa jan garmar da take ja a da.
• Mota tana rawa idan tana tsaye, kamar silinda ɗaya ba ta aiki.
• Ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake yoyo ba, ko yana kumfa.

Ku lura, kusan duk waɗannan alamu suna iya fitowa daga wani wuri dabam: nozul mai datti, iska a cikin layin mai, matacin iska da ya toshe, batir mara ƙarfi. Kunne da ido ba sa iya rabewa. Shi ya sa ake aunawa.

Kayan aiki

Na farko shi ne gejin dizal. Wannan agogon awo ne mai tiyo mai ƙarfi, wanda yakan karanta har bar 70, wato psi 1,000. Gejin motar fetur yakan tsaya wajen bar 20, wato psi 300. Idan aka ɗaura shi a injin dizal zai lalace, yana iya fashewa ma a fuskar mai riƙe da shi.

Don ku gane girman abin: tayar ƙaramar mota tana ɗaukar bar 2 zuwa 2 da rabi. Silindar injin dizal mai lafiya takan nuna bar 20 zuwa 35. Bar ɗaya psi 14 da rabi ne. Wasu littattafai da kg/cm² suke rubutawa, wanda kusan daidai yake da bar.

Na biyu shi ne mahaɗi, ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a gurbin fulogin hita ko a gurbin nozul, a haɗa tiyon geji da shi. Kowane irin inji da nasa. Kada a tilasta mahaɗin da zarensa bai dace ba, domin zai ci zaren kan inji. Idan kuma ya yi tsawo, fistin zai buge shi.

Sai sufanu, tsumma mai tsabta, sababbin wasan jan ƙarfe na nozul, batir cikakke, biro da takarda, da littafin injin idan yana nan.

Ta wace ƙofa za a auna?

Injunan ƙananan motoci da yawa, irin Toyota Hilux da Hiace masu injin 3L ko 5L, suna da fulogin hita a kowace silinda. Aikinsa ɗumama wuri kafin tayarwa. Cire shi ya fi sauƙi, saboda haka ta nan ake aunawa. Yawancin taraktoci masu injin Perkins, da injunan niƙa da na ban ruwa, ba su da fulogin hita a kowace silinda. Su ta gurbin nozul ake auna su.

Abubuwan da za a duba tukuna

Awo yakan yi ƙarya idan ba a shirya inji ba. Kafin a ɗaura geji:

1. A cika batir, a goge bakinsa. Injin da ke juyawa a hankali yakan nuna lamba ƙasa ko da lafiyarsa lau.
2. A duba tazarar bawul, a saita ta yadda littafi ya ce. Idan tazarar ta rufe, bawul ba zai zauna ba, iska za ta gudu. Wannan gyara ne na 'yan mintoci, ba ya cin kuɗin kaya.
3. A injin da ake tayarwa da hannu, a duba sandar sakin iska, wadda ake ɗagawa don inji ya juya sakayau. Idan saitinta ya kauce, takan bar bawul a ɗan buɗe ko bayan an sauke ta.
4. A wanke ko a cire matacin iska. Injin da bai shaƙi iska sosai ba ba shi da abin matsewa.
5. A duba baƙin mai da ruwa.

Sau da yawa a nan ma ake gano ciwon.

Yadda ake awon, mataki-mataki

1. Idan inji yana tashi, a bar shi ya yi aiki minti 10 zuwa 15 har ya yi zafi, sannan a kashe. Lambobin littafi galibi na inji mai zafi ne. Idan ba ya tashi, a auna shi da sanyinsa, a rubuta cewa da sanyi aka auna.
2. A sa mota ko tarakta a furi, a ja birkin hannu, a sa dutse a taya. A injin niƙa a cire bel.
3. A wanke kewayen nozul da fulogin hita. Ƙwayar yashi ɗaya da ta faɗa cikin silinda ɓarna ce.
4. A yanke mai gaba ɗaya. A injin da ake kashewa da makulli, a cire wayar da ke zuwa ga abin tsayar da mai a jikin famfo. A injin da ake kashewa da sanda ko waya, a ɗaure ta a wurin kashewa. Idan mai ya shiga silinda ya kama, geji zai fashe. Sababbin motoci masu kwamfuta suna da tasu hanya, a bar wa wanda ya koyi aikinsu.
5. A cire dukan fulogin hita, ko dukan nozul, a jera su bi da bi don a san na kowace silinda. A naɗe bakin wayar hita kada ta taɓa ƙarfe. A rufe bakin bututun mai da leda mai tsabta.
6. Kowa ya kau da fuskarsa, a juya inji daƙiƙa biyu ko uku don ya busar da dattin da ke cikin ramukan.
7. A ɗaura mahaɗi a silinda ta ɗaya, a fara da hannu sannan a ƙarasa da sufana. A haɗa geji.
8. Mutum ɗaya ya murɗa makulli, ɗaya ya kalli allura. A bar inji ya juya har allura ta daina hawa, galibi bugu 6 zuwa 10. A ƙirga, a yi wa kowace silinda daidai wannan adadi.
9. A rubuta lambar. A kuma lura da yadda allura ta hau: tsalle ta yi tun bugun farko, ko rarrafe ta yi?
10. A danna maɓallin sakin iska na geji, a maimaita sau ɗaya don a tabbatar, sannan a koma silinda ta gaba. A riƙa ba sitata hutu, kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a lokaci guda.
11. Idan lambar silindar ƙarshe ta yi ƙasa, a sake auna ta farko. Idan ita ma ta sauka, batir ne ya gaji.
12. Wajen mayarwa a sa sabon wasan jan ƙarfe a kowane nozul, a fitar da iska daga layin mai, a tayar a duba yoyo.

Yadda za ku karanta lambobin

Tambaya biyu ake yi. Lambar ta kai abin da littafin injin ya ce? Silindodin kuma sun yi kusa da juna?

Ga misali daga littafin gyara na Toyota don injin 3L da 5L. Lafiyayyen inji ya nuna 32 ko fiye. Mafi ƙanƙanta da aka yarda da ita ita ce 20. Bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 5. Injin 1HZ na Land Cruiser kuwa 37 ne, mafi ƙanƙanta 27. Kun ga lambar da ta isa a wani inji ba ta isa a wani ba. Inda babu littafi, ƙa'idar da makanikai suke bi ita ce mafi ƙasa kada ta gaza mafi sama da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100.

A ce an auna motar asibiti mai injin 5L. Ga abin da za a iya gani:

• 30, 29, 30, 28. Matsi lafiya. Kada a kwance inji. A koma kan nozul, fulogin hita, matacin mai, famfo da saitinsa.
• 29, 30, 18, 29. Silinda ta uku ce mara lafiya. Bawul ne, ko karyayyen ringi, ko sandar fistin da ta lanƙwashe bayan ruwa ya shiga inji.
• 29, 16, 16, 30. Biyu maƙwabta sun faɗi tare. Mai yiwuwa gasket ne ya fashe tsakaninsu, iska tana tsallakawa daga wannan zuwa waccan.
• 20, 19, 21, 20. Duka sun sauka tare. Galibi tsufa ne, ringi da silinda sun cinye. Amma kafin a yanke hukunci a tabbatar da batir, a tabbatar da geji a jikin wani inji mai lafiya, a kuma duba ko bel ɗin saitin lokaci bai tsallake haƙori ba.
• Lamba ta haura ta littafi sosai. Gawayi ya taru a ciki, ko baƙin mai, ko ruwa, ko an sa gasket da ya fi sirantaka.

Hawan allura ma yana magana. Idan ta fara ƙasa tana hawa kaɗan-kaɗan har ta kai wani wuri, ringi ake zargi. Idan ta fara ƙasa ta tsaya can, an fi zargin bawul ko gasket.

Mutanen kan tudu su lura da wannan. Iska ta fi sirantaka a wuri mai tudu, saboda haka geji yakan nuna ƙasa da kimanin kashi 3 cikin 100 a kowace mita 300 ta hawa. Jos tana kan tudun kimanin mita 1,200. Injin da ya nuna 30 a Legas zai nuna wajen 26 a Jos, lafiyarsa ƙalau. Tsaunin Mambila ya fi Jos tudu, a can raguwar ta fi haka.

Maganar zuba baƙin mai a silinda

Masu gyaran motar fetur sukan zuba ɗan baƙin mai a silinda su sake aunawa. Idan lamba ta hau, sai su ce ringi ne, domin mai ya toshe tazarar na ɗan lokaci. A injin dizal wannan dabara tana da haɗari.

Dalili shi ne ƙanƙantar wurin. A injin 3L kowace silinda tana shaƙar kusan mililita 700 na iska, amma wurin da ya rage sa'ad da fistin ya kai sama bai wuce mililita 33 ba, kimanin ƙaramin cokalin shayi shida ko bakwai. Mai ba ya matsuwa kamar iska. Idan an zuba da yawa, fistin zai buga shi kamar dutse, sandar fistin ta lanƙwashe. Ko kaɗan aka zuba, ya riga ya rage wurin, lamba za ta hau ko da ringi lafiya yake. Baƙin mai kuma yana iya kamawa da wuta kamar dizal. Kada a yi wannan sai littafin injin ya ce a yi, kuma da adadin da ya faɗa.

Hanyar da ta fi ita ce sauraro. A kai fistin sama daidai lokacin da bawul biyu suke rufe, a kulle inji kada ya juya, a tura iska daga kwamfuresa ta cikin mahaɗi, a kasa kunne:

• Huci a bakin shaƙar iska: bawul na shiga.
• Huci a salansa: bawul na fita.
• Huci mai ƙarfi a murfin baƙin mai: ringi ko fistin. Ɗan huci kaɗan a nan ba laifi ba ne, babu ringin da yake rufewa ruf.
• Kumfa a ruwan lagireto: gasket, ko kan inji ya tsage.

Injin niƙa mai silinda ɗaya

Yawancin injunan ƙauye silinda ɗaya ce da su, da hannu kuma ake tayar da su. Akwai irin Lista, masu suna daga kamfanin Lister na garin Dursley a Ingila. Kamfanin ya ƙera samfurin CS mai manyan ƙafafun ƙarfe biyu daga wajen 1930 har 1987, kamfanonin Indiya kuma suka kwaikwayi ƙirarsa. Akwai kuma na ƙasar Sin masu tukunyar ruwa a ka, irin R175 da S195. A nan babu 'yar'uwar silinda da za a gwada da ita, hannun mutum kuma ba ya juyawa daidai kullum kamar sitata.

Idan akwai geji, a cire nozul, a ɗaura mahaɗi, a yanke mai. A ɗaga sandar sakin iska, a juya da saurin da ake tayar da inji, a sauke sanda, a bar nauyin ƙafar ƙarfe ya kai shi bugu biyu ko uku. A yi haka sau uku, mutum ɗaya ne zai juya duka, a ɗauki lamba mafi girma. Tsofaffin Lista da yawa suna da wani mariƙi a gefen kai wanda ake murɗawa ciki lokacin tayarwa don ya ƙara matsi. A murɗa shi ciki kafin awo.

Idan babu geji, hannu da kunne suna iya ba da labari. A yanke mai, a sauke sandar sakin iska, a juya ƙafar ƙarfe a hankali. Inji mai lafiya zai kai wani wuri ya cije, ya turo hannunku baya kamar ƙwallo. Idan yaro zai iya wuce wurin ba wahala, matsi ya tafi. Ku riƙe shi a wurin cijewar, wani ya sa kunne a bakin shaƙar iska, a salansa, da murfin baƙin mai, ya kuma leƙa tukunyar ruwa ko akwai kumfa. Wannan bai kai geji ba, amma yakan nuna wace ƙofa ce a buɗe.

Ku kiyaye lafiyarku

• Kada ku sa hannu ko yatsa a gaban nozul ko bututun mai da ke yoyo. Mai yana fita da ƙarfin da ya haura bar 100, yana huda fata ya shiga nama. Raunin yakan yi kamar cizon sauro, amma yana iya jawo yanke yatsa. Wanda abin ya sama a kai shi asibiti nan take, a gaya wa likita man dizal ne ya shiga.
• Wajen juya inji da hannu, babban yatsa ya kasance gefe ɗaya da sauran yatsu. Idan mariƙi ya dawo baya, ba zai karya shi ba.
• A tuɓe babbar riga, a ɗaure zane da gyale. Yara su tsaya nesa.
• Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi.
• Kada a tayar da inji a rufaffen ɗaki. Hayaƙinsa yana kisa.
• Ku daina fesa fetur ko kusanta tsumma mai wuta a bakin shaƙar iska don inji ya tashi. Fetur yana fashewa kafin lokaci, yana karya ringi. Wuta kusa da ƙurar gari kuwa gobara ce. Injin da sai da wannan yake tashi awo yake nema.

Abin da ke cinye matsi

Babban abokin gāban silinda ƙura ce. Ƙurar hunturu da ƙurar niƙa, idan suka wuce mataci, sukan haɗu da baƙin mai su zama kamar yashin goge tukunya, suna cin ringi da silinda kowace juyawa. Rigakafi ya fi magani:

• Ku duba matacin iska kowace safiya a lokacin rani. Mai kwanon mai a ƙasa, a wanke shi a sake masa mai idan laka ta taru. Na takarda da ya huje a jefar.
• Ku raba injin da wurin niƙa da bango, ko ku ja bututun shaƙar iska zuwa waje, gefen da ƙura ba ta bi.
• Ku canja baƙin mai bisa awoyin da littafi ya faɗa. Ku riƙa rubuta awoyin aiki.
• Kada ruwa ya ƙare. Idan ya ƙare inji ya yi zafi, a kashe a jira ya huce. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana tsaga kan inji.
• Ku bar man dizal ya kwana a jarka ya kwanta, ku tace kafin zubawa.

Idan awo ya nuna lalle sai an kwance, a auna jikin silinda ma. Sabon ringi a cikin silindar da ta cinye ba ya daɗewa. Gara a jira a tara kuɗin silib da fistin da ringi a yi aiki sau ɗaya.

Shawara ga kwamiti

Ku auna inji tun yana da lafiya, lokacin da aka saye shi ko bayan babban gyara ya zauna, ku rubuta lambar a littafin inji tare da kwanan wata. Ku maimaita sau ɗaya a shekara, kafin kaka, da geji ɗaya. Lambar bara ita ce ma'aunin da ya fi kowane a wurinku, musamman ga inji mai silinda ɗaya. Idan kun ga tana sauka shekara bayan shekara, kun sami lokacin tara kuɗi kafin inji ya tsaya ana tsakiyar aiki.

Geji ba abin da ake bukata kullum ba ne. Ƙauyuka uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, a ajiye shi wurin mutum amintacce. Ranar awo mutum biyu daga kwamiti su tsaya su ga allura da idonsu, su rubuta. Gani ya kori ji. Wannan yana kare makaniki daga zargi, yana kuma kare ma'aji ranar da zai ba da rahoto. Haka nan idan za ku sayi tsohon inji ko tsohuwar mota, ku roƙi a auna a gabanku kafin ku biya.

Tambayoyi don tattaunawa

• Injunan dizal nawa ne jama'armu suke dogara da su? Wa yake kula da kowanne?
• Gyaran ƙarshe da muka biya, ta yaya aka gano ciwon? Ya warke?
• Muna da littafin da ake rubuta awoyin aiki, canjin mai da gyare-gyare? Wa zai riƙe shi?
• Ina injinmu yake shaƙar iska? Za mu iya nisanta shi da ƙura a wannan mako?
• Wane makaniki ne kusa da mu yake da gejin dizal? Idan babu, da waɗanne ƙauyuka za mu haɗa kai mu saya?
• Akwai saurayi ko budurwa a cikinmu da za mu tura koyon wannan aiki?